Mutumin Ciyawa a Gawon Ɗantsoho

A Rijiyar Maina, wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, an yi wani mutum ana ce masa Ɗantsoho. Ba ma an yi ba, yana nan da ransa, duk mai so ya je ya gan shi. Gidansu gidan masu amya ne tun kakanni. Su ne ke saƙa amya da ciyawa, su shafe ta da kashin shanu, su turara ta, su rataya a bishiya ƙudan zuma su shiga. Marigayi ubansa da bulala ya zaunar da shi ya koyi saƙar, amma ranar da aka fara harbinsa a kunne sai ya ce shi Allah bai halicce shi don wannan wahala ba. Ya tsallake ya tafi Kano.

A Kano ya yi dako, ya yi wankin mota, ya yi tallan agogo, babu sana'ar da ta zauna a hannunsa. Aikinsa na ƙarshe shi ne gadin wani babban ɗaki inda masu zane da sassaƙa ke baje kayansu manyan mutane su zo kallo. Nan ya ga an liƙa tsofaffin silifa a bango, mutane sun tsaya suna gyaɗa kai. Ya ga an kafa busasshen icce a bokiti an rataya masa leda, wata Hajiya har da share hawaye. Aka ce masa wannan ita ce fasahar zamani, tana jan kunnen mutane su zauna lafiya da daji da dabbobinsa. Ɗantsoho ya ce a ransa, "Au, dama wannan ne? Ai ni ake jira."

Bayan an gama kaka sai ga shi ya sauka daga mota da baƙin tabarau da wata hula shimfiɗaɗɗiya a karkace. Bai ko shiga gida ba ya zauna a teburin Zayyad mai shayi.

Ya ce, "Ku mutanen nan ba ku san halin da kuke ciki ba. Kuna sare icce, kuna watsa leda, kuna cutar daji. Ni aka turo in farkar da ku."

Zayyad ya ce, "Wa ya turo ka?"

"Fasaha."

"Ita ta ba ka hular nan, ko faifan Goggonka ka kifa?"

Aka kwashe da dariya. Ɗantsoho ya gyara tabarau ya ce su yi ta dariya, wata rana sai sun bi layi kafin su gaisa da shi.

Amma gaskiyar magana ba daji ne ya dawo da shi ba. Ummulkhair ce, 'yar Malam Cindo, bazawara mai tuyar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mace mai hannu, wadda ba a yi mata wayo a awo. Tana jin daɗin surutun Ɗantsoho, har takan bar kasko ta saurara, amma ta ce ya je ya ga Baba. Ya je ya durƙusa a zaure. Malam Cindo ya dube shi tun daga hula har takalmi, irin duban da ake yi wa akuya kafin a taya.

Ya ce, "Ban hana ka ba. Amma 'yata ba ta cin surutu. Ka nuna min sana'a in gani da idona, yadda in an ce mijin 'yarka me yake yi, zan buɗe baki in faɗa. Kafin a fara sharar gona nake so. In ba haka ba, akwai wani mai facin taya a Gagarawa da ya aiko, shi na san abin da yake yi."

Ɗantsoho ya ce, "Baba, facin taya? Abin da zan yi, daga Gumel za a zo kallo. Kai da kanka za ka buɗe shi."

Washegari ya tafi Gumel wajen Madam Juliana, ma'aikaciyar gandun daji, 'yar Filato da ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Ya ce mata zai saƙa ƙaton mutum da ciyawa zalla yana rungume da gawon gonar ubansa, sunan aikin Zaman Lafiya da Daji. Madam ta ji daɗi ta ce za ta zo da mutanenta.

Ta ce, "Amma Malam Ɗantsoho, ka ji da kyau. Kada a sare reshe ko ɗaya, kada a fesa magani."

Ya ce, "Madam, ni ko sauro lallaɓa shi nake yi ya tashi."

Aiki na farko ciyawa. Gamba yake so, doguwa mai ƙarfi, kuma gamba a ƙasar nan a kan iyakar gonaki take, layi-layi, ita ce shaidar inda gonar wane ta tsaya. Kowa yankanta yake yi ya bar gindi. Ɗantsoho ya ce shi yana son saiwar ta zama gemun mutuminsa, saboda haka ya sa gatari da fartanya ya tumɓuke layi guda kaf har ƙasa, ya share wurin tas. Bai tambayi ko iyakar wa ce ba.

Ta Malam Cindo ce da maƙwabcinsa Abdulfatah.

Kafin azahar dattawan biyu suna tsakiyar fili suna nuna wa juna sanda. Abdulfatah ya ce iyaka ta nan take, Malam Cindo ya ce ƙarya ne, nan wurin shi ya shuka riɗi bara. Har an kusa kai magana gaban mai gari sai wani ya lura da ciyawa a zube a hanya. Suka bi ta tiryan-tiryan har ƙofar gidan su Ɗantsoho, suka tarar da shi yana taje saiwa da tsinke.

Malam Cindo ya ce, "Kai, ina iyakata?"

Ɗantsoho ya durƙusa. "Baba, ai daji ba shi da iyaka. Saƙon ke nan."

"Daji ba shi da iyaka, gonata tana da ita. Ka dubi gemun nan? Kadada ce ka taje."

Da ƙyar Goggo, ƙanwar ubansa da ke riƙe da gidan, ta fito ta ba da haƙuri, aka yi alkawarin zai sake dasawa da damina. Malam Cindo ya tafi yana cewa wannan ita ce sana'a ta farko da ya gani, raba zumunci.

Sai saƙa. To, hannu abin da ya koya shi ya sani. Ɗantsoho ya zauna zai saƙa ƙafa, da ya gama sai ga wani abu dogo, mai rami a ciki, baki zagaye. Ya saƙa ta biyu, haka. Ya saƙa hannu, haka, sai dai siriri. Gangar jiki kuwa ba a magana, ko ubansa bai taɓa saƙa mai kyanta ba. Goggo ta fito da tsintsiya ta tsaya tana kallo, idonta ya kawo ruwa. Da yake sunan ubanta ya ci, ba ta faɗin sunansa.

Ta ce, "Mai sunan Baba, Allah ya yi maka albarka. Ka dawo hanya."

"Wace hanya, Goggo? Wannan ƙafa ce."

"Ƙafar wa?"

"Ƙafar ɗan Adam."

Ta ce, "To ɗan Adam ɗin nan zai yi zuma."

Magana ta fita gari. Duk wanda ya wuce sai ya leƙo ta kan danga ya ce, "Sannu da aiki, mai amya." Ɗantsoho ya tashi ya bi su har lungu yana rantsuwa cewa duk wanda ya ƙara kiransa da wannan suna sai sun hau sama sun faɗo. Zayyad ya aiko a tambaye shi ko za a ɗora wa baƙin da ke tafe shayi.

Da ya haɗa gaɓoɓin sai ya ga iska tana ratsa mutumin, yana rangaji kamar mai jin barci. Wani ya ce ya shafa siminti. Ya ce siminti abokin gaban daji ne, shi da abin da ƙasa ta bayar zai yi aiki. Me ƙasa ta bayar? Kashin shanu. Na ƙauyen bai ishe shi ba, saboda haka ranar Alhamis ya tafi kasuwar Maigatari, ya shiga kara, wajen cinikin shanu, da buhu da kwano, da tabaransa da hularsa, yana bin shanu a baya yana jira.

Wani dillali Badamagare ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Malam, sa kake so ko abin da ya bari?"

"Fasaha nake yi."

"To matsa ga wancan jan, yanzu zai yi maka fasaha mai ɗumi."

Ya cika buhu ya ɗora a saman motar haya bai gaya wa direba abin da ke ciki ba. Rana ta buga, hanya ta yi gargada, buhu ya fara tsiyaya ta taga. Na kusa da tagar wani mai farar shadda ne da zai je ɗaurin aure. Ba su yi nisa ba aka sauke Ɗantsoho da kayansa a tsakiyar daji, direba yana zagi, mai shadda yana neman dutse. A bayan amalanken shanu ya ƙarasa gida.

Ya shafe mutuminsa ciki da waje. Wari ya tashi, matan maƙwabta suka ce ba sa iya cin tuwo. Ɗantsoho ya shiga ɗakin Goggo neman turaren wuta, ya ci karo da wata tsohuwar tukunya an rufe da tsumma. Ya buɗe ya ji ƙamshi mai daɗi. Ya zuba a garwashi ya tura cikin mutumin, hayaƙi yana fita ta baki da cibiya.

Goggo ta fito da gudu. "Mai sunan Baba! Wannan haɗin ubanka ne na kiran ƙudan zuma. Ɗan tsinke ake sa wa amya, kai ka juye rabin tukunya!"

Ya ce, "Goggo, wancan zamanin ne. Ƙuda ma ya san bambancin amya da fasaha."

Ta ce, "Allah ya sa ya yi makaranta."

Aka taru aka ja mutumin da igiya aka ɗaure shi a jikin gawo, hannuwa a rungume, ƙafafu suna lilo. Gawon kuwa lokacinsa ne, ya yi ganye shar, fure ko'ina. Ɗantsoho ya ja baya ya duba, ya ga wani babban reshe ya kare fuskar. Ya duba gabas ya duba yamma, ya hau da gatari ya sauke shi. Ya shafa laka a kututturen don kada Madam ta gani, ya ja reshen ya ɓoye a bayan rumbu.

Ba a jima ba baƙi suka iso. Da fari ƙudan zuma 'yan kaɗan ne suna shawagi a bakin mutumin. Wata safiya sai ga wani baƙin gungu ya taso daga yamma yana ruri, ya shige ta baki kamar ana zuba gero a buhu. Bayansu wasu suka kama ƙafar dama, wasu ta hagu. Gari ya fito kallo daga nesa.

Zayyad ya ce, "Ɗantsoho, ka ce daga Gumel za a zo. Waɗannan daga ina?"

Ɗantsoho ya juya ya koma gida. Ya je ya samo fiya-fiya, maganin ƙwari, ya ɓoye a riga zai fita gona, Goggo ta tare ƙofa ta miƙa hannu.

"Kawo. A gawon ɗan'uwana ba za a yi kisan kai ba. Ba kai ne mai lallaɓa sauro ba?"

Ta karɓe ta jefa a masai. Ga ranar taro ta matso, ga Madam ta aiko tana nan tafe, ga mai facin taya an ce an gan shi a ƙofar gidan Malam Cindo da sabuwar hula. Ɗantsoho ya yi tunani irin nasa. Ranar taro da sassafe, lokacin da sanyi bai saki ƙudan ba, ya hau ya toshe baki da cibiya da duk wata kafa da laka. Ya lulluɓe mutumin da tamfol, ya ɗaura igiya ya sako ta ƙasa. Ya sauko yana kaɗe hannu ya ce, "Yau ku yi hutu."

Aka kafa rumfa aka jera kujerun roba. Aka kawo lasifika da wani tsohon janareta na aro mai tari yana fitar da baƙin hayaƙi, aka ajiye shi can gefe. Aka raba ruwan leda, kowa ya sha ya yar a gona. Madam Juliana ta iso da mutanenta suka zauna a gaba. Mutanen gari kuwa, abin mamaki, duk sun yi kunya ranar, kowa ya ce shi baya ta ishe shi. Wasu ma a kan amalanke suka zauna, shanu a ɗaure fuska ta kallon gida. Ummulkhair tana can cikin mata da ƙaton mayafi ninki biyu.

Rana ta ɗaga, tamfol ya ɗau zafi. Daga ciki aka fara jin wani gunji ƙasa-ƙasa, tamfol ɗin har rawa yake yi.

Madam ta ce, "Malam Ɗantsoho, wannan ƙarar fa?"

Ya ce, "Muryar daji ce, Madam. Ni na sa ta."

Ta ce, "Kai, ka yi ƙoƙari!" Mutanenta suka ɗaga waya suna ɗauka.

Ya je ya kamo hannun Malam Cindo ya kawo shi gindin gawo. Tsohon yana tafe yana tirjewa.

Ya ce a hankali, "Kai, an kwashe su?"

"An yi sulhu da su, Baba."

Ɗantsoho ya karɓi abin magana. Ya ce ɗan Adam azzalumi ne. Ya ce masu sare reshe ba za su ga da kyau ba. Ya taka ledar ruwa ya ce ga shaida. Ya nuna janareta ya ce wannan hayaƙi shi ne maƙiyinmu na farko, duk mai hankali ya nisance shi. Ya ce daga yau mutum da dabba da ƙwaro uwa ɗaya uba ɗaya ne, wanda ya zo maka ka buɗe hannu ka karɓe shi. Aka tafa. Ya ce, "Baba, bismilla, ja."

Malam Cindo ya ja, tamfol bai motsa ba, don igiyar ta sarƙe a wuyan mutumin. Ya tofa yawu a hannu ya ja da ƙarfin manomi. Kan mutumin ya tsinke ɗungurungum, da gemu da komai, ya faɗo a gabansa.

Abin da ya fito daga wuyan nan, rana sai da ta dushe.

Mutanen baya ba su jira ba, amalanke ya riga ya kama hanya. Na gaba suka tashi da kujeru a ka. Wani mai ɗaukar hoto ya shige ƙarƙashin tebur, ya tarar an riga shi, ya fito da gudu. Madam Juliana ta cire takalma tana kiran Yesu, mai lasifika yana salati, duka a guje ɗaya. Malam Cindo ya naɗe kansa da babbar riga yana juyi wuri ɗaya yana cewa, "Ina sulhun? Ɗantsoho, ina sulhun?"

Ɗantsoho kuwa, da aka ba shi ɗaya a leɓe ɗaya a fatar ido, ya watsar da tabarau ya duba inda ƙudan ba sa zuwa. Wuri ɗaya ne tak, cikin hayaƙin janareta. Ya yi tsalle ya rungume shi da hannu biyu, ya tura fuska a bakin hayaƙin. Abin maganar kuma yana hannunsa bai sani ba, lasifika tana kai muryarsa har cikin gari.

"Kada a kashe! Don Allah a ƙara masa mai! A ƙara hayaƙi!"

Kafin ka ce me, manyan baƙi duk sun dunƙule a jikin janareta suna tari suna godiya. Goggo ce ta zo a natse da garwashi a kasko. Ta sa aka jawo reshen nan daga bayan rumbu, ta karya ɗanyen ganyensa ta zuba, hayaƙi ya turnuƙe, ƙudan suka lafa. Madam ta buɗe idon da ya rage mata ta dubi reshen, ta ɗaga kai ta dubi lakar da ke jikin gawo, ta dubi Ɗantsoho. Ta karɓi takalmanta ta shiga mota.

Sai da kumburi ya ɗan sauka ya iya zuwa zauren Malam Cindo. Leɓensa na sama har yanzu ya riga shi shiga ɗaki. Tsohon yana zaune ido ɗaya a rufe, kunne kamar fanke. Ɗantsoho ya durƙusa ya kasa ɗaga kai.

Malam Cindo ya ce, "Ka tumɓuke min iyaka. Ka tara min jama'a ka sa an ga tsiraicin kaina. Da niyyata in sa a kore ka da tabarya." Ya taɓa kunne. "Amma jiya na koma na duba daga nesa. Ƙafa biyu, hannu biyu, ciki, duk sun kama. Na san ubanka, na san kakanka, ban taɓa ganin wanda ya cika amya biyar a rataya ɗaya ba. Na ce ka nuna min sana'a, ka nuna min, har ta taɓa ni. Zan ba ka. Amma ranar ɗaurin aure maroƙi zai faɗa da ƙarfi kowa ya ji: Ɗantsoho mai amya."

Ɗantsoho ya ce, "Baba, a ce mai fasahar amya."

"Mai amya."

"To mai amyar zamani."

"Mai amya."

"Ko a faɗa a hankali, Baba. Zayyad zai zo."

Daga bayan zana sai muryar Ummulkhair, tana juya ƙuli a kasko. "Baba, bar ja da shi, kaskona yana ƙonewa. In sunan ya yi masa nauyi ya bar shi nan ya tafi da hularsa."

Ɗantsoho ya cire hular, ya dube ta, ya tura ta ƙarƙashin tabarma.

Ya ce, "Baba, a samo maroƙi mai murya."